Abdu Mumuni, malamin da ya sa rana aiki

An haifi Abdu Mumuni Jofo a Tasawa, cikin ƙasar Nijar, ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, da makarantar William Ponty ta Senegal, sannan ya wuce Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta a fannin kimiyyar fizik.

Abdu Mumuni ya lura itace yana ƙarewa a Sahel. Mata suna tafiya nesa neman na girki, hamada kuwa tana matsowa. Amma rana ga ta nan kullum, kyauta. Sai ya duƙufa neman hanyar sa ta aiki. Ya ƙaro sani a Tarayyar Sobiyet, ya yi bincike a Bamako. A 1969 ya komo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana. Can aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da na dafa abinci da zafin rana.

Hasken rana yana ba da wutar lantarki ma. Lantarki tafiya ce ta wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira elektoron. Cikin jan ƙarfe suna wucewa da sauƙi, cikin roba ba sa wucewa. Silikon yana tsakani: in haske ya sauka a kansa, sai elektoron su kuɓuce, su bazu daga inda suka yi yawa zuwa inda suke kaɗan. Masana suna auna yawan wutar da ke ratsa shi don su gane yadda suke bazuwa. Da silikon ake yin allunan sola irin waɗanda ake sayarwa a Ajame da Tireshbil.

A 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Ya rasu ran 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Tambayoyi
1. Ina aka haifi Abdu Mumuni?
2. Don me ya nemi sa rana aiki?
3. Cikin jan ƙarfe da roba, wanne lantarki yake ratsawa?