Keni Washintan, mai gudu da ƙwallo

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo wanda ya sha bamban da na ƙafa da yara suka saba. Ƙwallon ba kewayayye ba ne, siffar ƙwai gare shi, kuma da hannu ake ɗaukarsa. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Akwai wanda aikinsa shi ne a miƙa masa ƙwallo, ya rungume shi a ƙirji, ya sheƙa da gudu har ya tsallake layin ƙarshe. Abokan karawa kuwa su tare shi, su kayar da shi ƙasa. Wannan aiki sai mai sauri, mai ƙarfi, mai lafiyayyun gwiwoyi. Shi ne aikin Keni Washintan.

An haifi Keni ranar 31 ga Agusta, 1918, a birnin Los Anjelas, cikin jihar Kaliforniya. Baƙar fata ne. A hannun kakarsa ya tashi, tare da wani ƙanen babansa ɗan sanda. Tun yana makarantar sakandare ta Linkon aka san shi da iya wasa.

Daga nan ya shiga jami'ar Kaliforniya ta Los Anjelas. Lambar rigarsa 13. Ya iya gudu, ya iya jifa da ƙwallo nesa. A shekarar 1939 yana wasa tare da wasu baƙaƙe biyu, Jaki Robinsan da Wudi Sitrod. A wannan shekara ba a ci ƙungiyarsu ba ko sau ɗaya. Da aka haɗa nisan da kowane ɗan wasa ya kai ƙwallo, da gudu da jifa, babu ɗalibin da ya kai Keni a duk faɗin Amurka.

Bisa al'ada, ɗalibi irin wannan manyan ƙungiyoyi rububinsa suke yi. Amma ba wadda ta ɗauke shi. Dalili kuwa, tun daga 1934 masu ƙungiyoyin babbar gasar ƙasa, wadda ake kira NFL, suka daina ɗaukar baƙar fata. Ba su rubuta wannan doka a takarda ba, amma kowa ya san da ita. Joj Halas, mai ƙungiyar birnin Shikago, ya so ya ɗauki Keni a 1940, sauran ba su yarda ba.

Sai Keni ya koma gida. Ya yi aikin ɗan sanda, ya kuma shiga wata ƙaramar ƙungiya a Holiwud. Nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Mutane suna cika fili don su gan shi, amma ƙaramar gasa ce. Ana cikin haka gwiwoyinsa suka fara lalacewa. Likita ya yi masa aiki, ya koma wasa, ciwo ya dawo, aka sake yi.

A farkon 1946 wata babbar ƙungiya mai suna Rams, wato Raguna, ta yi ƙaura daga garin Kilibland zuwa Los Anjelas. Tana neman wurin wasa. Filin da take so shi ne babban filin birnin, inda aka yi wasannin Olamfik na 1932. To, wannan fili ba na mutum ɗaya ba ne. Na jama'a ne, da kuɗin haraji aka gina shi, kuma baƙi da fari duka suna biyan haraji.

Ƴan jarida baƙaƙe suka lura da haka. Wani daga cikinsu, Hali Hardin, ya miƙe a gaban hukumar da ke kula da filin. Ya nuna cewa bai dace a ba da filin jama'a ga ƙungiyar da ke korar wani sashe na jama'ar ba. Ya tuna musu da Keni, ɗan garin, wanda ya sha yin wasa a wannan fili yana ɗalibi. Hukumar ta ga gaskiyarsa. Shugabannin Rams suka ga idan suna son fili, dole su sake hali.

Ranar 21 ga Maris, 1946, Keni ya sa hannu a takardar aiki. Bayan shekara 12, baƙar fata ya sake shiga babbar gasar. Ba a daɗe ba aka ɗauki abokinsa Wudi Sitrod. Shi kuwa Jaki Robinsan sai a 1947 ya buɗe irin wannan ƙofa a wasan besbol, wanda ake bugawa da sanda.

Sai dai ƙofar ta makara. Keni yana da shekara 27, kuma an riga an yi wa gwiwoyinsa aiki har sau biyar. Wahala ba ta tsaya nan ba. In ya faɗi, wasu abokan karawa da gangan suke danne shi, su naushe shi. Hular wasa ta lokacin ba ta da ƙarfen kare fuska. In an je wani gari, wani lokaci ba a yarda ya kwana otel ɗaya da ƴan ƙungiyarsa.

Duk da haka, a 1947 ya nuna abin da aka yi asara. Duk sa'ad da aka miƙa masa ƙwallo, a kan matsakaicin lissafi yakan ci yadi bakwai da ɗoriya. Wata rana suna karawa da wata ƙungiyar Shikago, ya karɓi ƙwallo kusa da layin gidansu, ya ratsa mutane, ya yi gudun yadi 92, wato wajen mita 84, ba wanda ya iya kamo shi. Daga layin gida zuwa layin ƙarshe yadi 100 ne.

A ƙarshen 1948 gwiwoyi suka ƙi, ya bar wasa yana da shekara 30. Shekara uku kacal ya yi a babbar gasa. Daga baya ya yi aikin talla, ya fito a wasu finafinai, ya kuma riƙa nemo wa wata ƙungiyar besbol matasa masu hazaƙa. Jami'arsa ta ajiye lamba 13, ba a ƙara ba kowa ita ba.

Keni Washintan ya rasu a Los Anjelas ranar 24 ga Yuni, 1971, bayan ya yi fama da ciwon jijiyoyin jini. Yana da shekara 52.