Tarihin rayuwar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman

A ranar 24 ga watan Satumban 2005 ne Allah Ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa a Zariya, yana da kimanin shekaru 60 a duniya.

Marigayin malamin tarihi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin masanan da suka fi tayar da ƙura a Najeriya tun daga shekarun 1970.

Ya shafe fiye da shekaru 30 yana jayayya da masu ganin cewa ƙabila da addini su ne ke bayyana duk abin da ya faru a tarihin ƙasar. A wurinsa, wanda ke son fahimtar rikici sai ya fara tambayar wa ke riƙe da mulki, wa ke riƙe da dukiya, kuma wa zai amfana idan talakawa suka kama faɗa da juna.

Jinin sarauta

An haifi Yusufu Bala Usman a garin Musawa na ƙasar Katsina a shekarar 1945.

Mahaifinsa shi ne Durbin Katsina, ɗan'uwan Sarkin Katsina Usman Nagogo. Kakansa na wajen uba shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a farkon mulkin Turawa, ya kuma rasu a 1944. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce.

Ke nan ya gaji sarauta gaba da baya. Wannan ne ya sa mutane da dama suka riƙa mamakin yadda daga bisani ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sukar tsarin da ya fito daga cikinsa.

Ya yi karatun firamare a Musawa da Kankiya da Minna, sannan ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Kaduna. Daga nan ya wuce Ingila, inda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Lancaster.

Da ya dawo gida a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, sai ya kama aikin koyarwa a Kwalejin Barewa ta Zariya, ya kuma ci gaba da koyarwa a can har 1971.

Sashen tarihi na Zariya

A lokacin, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana hannun Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta ya zauna a Najeriya har rasuwarsa a 1984.

Smith ya ɗora ɗalibansa a kan wata hanya: kowa ya ɗauki masarauta guda, ya shiga garuruwanta da ƙauyukanta, ya tattara rubuce-rubucen Larabci da bayanan dattawa, sannan ya gwada su da abin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta.

Ɗaya daga cikin ayyukan farko da suka fito daga sashen shi ne na Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda a 1968 ya kammala bincike a kan masarautar Yawuri a ƙarni na 19. Yawuri ƙasa ce da Gungawa da Kambari da Shangawa da Hausawa suka daɗe suna cuɗanya a bakin Kogin Kwara, alhali tatsuniyar Bayajida ta jefa ta cikin jerin Banza Bakwai.

Irin wannan tazara tsakanin labarin da aka gada da abin da bincike ya nuna ita ce ta ja hankalin Bala Usman. Shi sai ya ɗauki Katsina, ya kuma sami digirin digirgir a 1974.

Binciken Katsina

Binciken nasa ya fito a matsayin littafi a 1981, mai suna The Transformation of Katsina, 1400-1883.

A ciki ya bi diddigin yadda tsarin sarauta ya kafu a Katsina tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, da yadda ya rushe bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804. Umarun Dallaje ya zama sarki a Katsina, tsofaffin masu mulki kuma suka koma arewa, inda suka kafa mazauninsu a Maraɗi.

Kafin wannan lokaci, littattafan Turawa da yawa sun bayyana jihadin a matsayin yaƙin da Fulani suka ci Haɓe.

Bala Usman ya nuna cewa lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu, akwai kuma malamai, irin na garin 'Yandoto, da suka ƙi mara wa jihadin baya. Ya danganta rushewar tsohon tsarin da sauye-sauyen da suka faru a cikin al'ummar Katsina kanta, wato bunƙasar birane da fatauci, da ƙaruwar malamai, da ƙorafin jama'a a kan yadda ake mulkinsu.

Ya kuma ja hankalin masana cewa sunaye irin su Bahaushe da Bafulatani ba su tsaya a kan ma'ana ɗaya ba tsawon ƙarnoni. Mutane sun yi ƙaura, sun yi auratayya, sun sauya harshe da sana'a, saboda haka kuskure ne a ɗauki ƙabilun yau a ɗora su a kan mutanen shekaru 500 da suka wuce.

Wani aikinsa da ɗaliban tarihi suka sani shi ne nazarin da ya yi wa rahoton Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya fara isa Katsina a 1851. A wancan zamani an saba a yi shakkar bayanan baka, a kuma karɓi rubutun Bature ba tare da tambaya ba. Shi kuwa ya dage cewa dole a binciki Barth kamar kowane mai ba da shaida: wa ya ba shi labari, kwana nawa ya yi a garin, kuma da wane tunani ya zo.

Tsarin mulki da siyasa

A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa kwamitin rubuta sabon tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, aka kuma sa Bala Usman a ciki.

Shi da wani masanin tarihi, Dakta Segun Osoba, sun ƙi amincewa da daftarin da sauran 'yan kwamitin suka tsara. A 1976 suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye, suna masu ganin daftarin zai bar mulki da dukiya a hannun 'yan tsiraru.

Gwamnatin soja ba ta yi aiki da rahoton ba, amma bai mutu ba, domin an sake buga shi a 2019.

Da aka koma mulkin farar hula a 1979, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Bala Usman ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar.

Gwamnatocin PRP na Kaduna da Kano ne suka soke haraji da jangali, kuɗaɗen da aka daɗe ana karɓa daga talakawa ta hannun hakimai da dagatai. Sai dai majalisar dokokin Kaduna, wadda jam'iyyar NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981.

Daga baya Bala Usman ya koma aji a Zariya. A 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, ya fitar da littafin Nigeria Against the IMF, inda ya soki dogaro da sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Wasa da addini

Littafinsa da ya fi yaɗuwa shi ne The Manipulation of Religion in Nigeria, wanda ya fito a 1987.

Ya tattara rubuce-rubucensa ne na shekaru goma, tun daga 1977, lokacin da muhawara a kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta raba kan 'yan siyasa. A cikin waɗannan shekaru an yi rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, da rikicin Kafanchan a Maris na 1987.

Hujjarsa ita ce wasu manyan ƙasa, Musulmi da Kirista, suna rura wutar gabar addini domin su kawar da hankalin jama'a daga yadda suke wawure dukiyar ƙasa.

Wannan ra'ayi ya jawo masa suka. Wasu sun ce ya raina ƙarfin imani a zukatan mutane, ya mayar da kome batun tattalin arziki. Magoya bayansa kuwa suna cewa bai taɓa sukar addini ba, masu fakewa da shi yake nufi.

Muhawarar ƙarshe

A shekarunsa na ƙarshe ya jagoranci cibiyar bincike da horarwa kan dimokuraɗiyya ta CEDDERT a Zariya.

A shekarar 2000, shi da Dakta Alkasum Abba suka wallafa The Misrepresentation of Nigeria. Sun ƙalubalanci masu cewa Najeriya ƙirƙira ce kawai ta Lugard a 1914, suka nuna cewa kasuwanci da ƙaura sun haɗa yankunanta tun kafin zuwan Turawa, kuma wasu manyan ƙabilun a zamanin mulkin mallaka ne suka haɗu ƙarƙashin sunan da aka san su da shi.

Masana daga yankin Neja Delta, musamman Farfesa Peter Ekeh, sun mayar da martani mai zafi a 2001. Sun zarge shi da yin amfani da tarihi wajen raunana iƙirarin al'ummomin yankin a kan ƙasarsu da man fetur ɗin da ke cikinta.

Bai janye ba har ya rasu. Shekara guda bayan rasuwarsa aka buga wasu zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa a littafin Beyond Fairy Tales.

Har ƙarshen rayuwarsa Dakta Bala ake kiransa, ko da yake ɗalibansa da dama sun zama farfesoshi a jami'o'in Najeriya. Duk lokacin da aka sami sabon rikici da aka laƙaba wa sunan ƙabila ko addini, akan ji masu sharhi a arewacin ƙasar sun ambaci sunansa, ko dai don kafa hujja da shi, ko kuma don su ce bai hango kome da kome ba.