Likita Miller na Zariya da Ƙaunar da Ta Riƙe Shi

Karatu: Romawa 5:1-8, Romawa 8:31-39

Ran Lahadi a Bauchi, Basayi da Bajari da Bahaushe sukan zauna kan benci ɗaya, a buɗe musu Littafi Mai Tsarki da Hausa, kowa ya ji. Mun saba da wannan har mukan manta ba haka abin ya ke tun asali ba. A darasin yau za mu duba rayuwar mutumin da ya ɗauki kaso mafi nauyi na fassarar farko, domin mu ga inda mai bi ya ke samun ƙarfi sa'ad da aikinsa ya zama kamar banza.

An haifi Walter Miller a Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya zauna a Turabulus, gama a zamanin nan fatake da mahajjata Hausawa sukan sauka can. A bakinsu ya fara koyon harshen. A can kuma ya haɗu da wani yaro, Abdul Majid, wanda daga baya ya zama mataimakinsa.

A farkon 1900 suka tashi daga Ikko su 5, Bishop Tugwell yana gabansu, suka nufi Kano. Bayan doguwar tafiya suka iso, amma Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba, ya umarce su su bar birnin cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya, garin da Walter Gowans na mishan ɗin S.I.M. ya rasu a 1894. Nan ciwo ya kama su. Ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Daga bisani sauran suka ja da baya. Miller yana da shekara 28 sa'an nan. Abin da ya samu a tafiyarsa ta fari ke nan, ƙofa a rufe da kabarin aboki.

Mutum ya iya cewa Allah ya juya masa baya. Amma Manzo Bulus ya koya mana a Romawa sura 5 cewa ba a wurin nasara a ke gane ƙaunar Allah ba. Shaidarta tana kan gicciye, inda Almasihu ya mutu dominmu tun muna cikin zunubi. Abin da ya riga ya faru a Kalfari, ba sarkin da zai soke shi, ba ciwon da zai shafe shi. Miller ya komo. A 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Shekaru suka shige, masu ba da gaskiya kaɗan ne ƙwarai. Ana nan a 1913 sai ga waɗansu baƙi sun zo wurinsa. Su Isawa ne, almajiran koyarwar wani Malam Ibrahim na Kano, wanda a ƙarni na 19 ya yi ta nazarin abin da aka faɗa a kan Annabi Isa, ya ɗaukaka shi ƙwarai, har aka kashe shi saboda wannan koyarwa. Mabiyansa suka watsu, waɗansu suka yi wajen Ningi, wadda ke cikin Jihar Bauchi yanzu. Sun daɗe suna jiran wanda zai zo ya ƙara bayyana musu labarin Isa. Da dama daga cikinsu suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ƙasar Zazzau, da gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Rev. W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, shi ne ya zauna tare da su.

Ga alama damina ta faɗi bayan dogon rani. Ashe wurin yana da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi ta ɗibar manya da yara, har cikin 'yan shekaru aka tashi daga Gimi, waɗanda suka ragu suka koma Zariya. Ku tuna Miller likita ne, amma maganin da ke hannun likitoci a lokacin nan bai isa ya tsai da annobar ba. Wace azaba ta fi wannan ga mai magani, ya ga mutanen da ya yi shekaru yana addu'a dominsu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya?

A nan ne Romawa sura 8 ta ke yi mana magana. Bulus bai yi alkawari cewa ƙunci da yunwa da hatsari da mutuwa za su kauce wa mai bi ba. Ya jera su da sunayensu, ya tabbatar mana cewa ko ɗayansu ba shi da ikon shiga tsakaninmu da ƙaunar Allah wadda ke cikin Almasihu Yesu. Waɗanda aka binne a Gimi ba su fita daga hannun Allah ba. Wanda ya binne su ma bai fita ba.

Kada mu mai da Likita Miller mutum marar aibi. Yana da kaifin baki, ya sha yin jayayya da ma'aikatan gwamnatin Turawa da sarakuna, har da abokan aikinsa. Wannan ma ta'aziyya ce a gare mu, gama Allah ba ya jira mu zama kamilai kafin ya ƙaunace mu, ko ya ba mu aiki.

A cikin dukan waɗannan shekaru bai ajiye alkalami ba. Mu da mu ke wannan aiki na fassara mun san yadda aya ɗaya takan cinye yini guda. Shi da malamai Hausawa, da 'yan'uwa na S.I.M. da S.U.M., suka yi ta auna kalma bayan kalma. A 1929 mishan ya tashi daga cikin birni zuwa Wusasa. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, shekara 32 bayan an sallame shi daga Kano. Daga makarantar da ya kafa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Daga zuriyar Isawan nan kuwa aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Miller ya ƙare kwanakinsa a Bukuru, kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

'Yan'uwa, Ikilisiya a Bauchi ta san kuka. A cikinmu akwai waɗanda suka binne nasu a tarzomar 1991, akwai gwauraye da marayu, akwai masu bishara da suka daɗe a ƙauye ba su ga amfanin gona ba tukuna. Ba mu ce kowa zai ga ƙarshen aikinsa kamar yadda Miller ya gani ba. Ryder bai gani ba. Amma ƙauna ɗaya ce ta riƙe su duka biyu, ita ce kuma ta ke riƙe da mu yau.

Tambayoyi domin Tattaunawa

1. Bisa ga Romawa 5:8, ina ne Allah ya nuna mana ƙaunarsa a fili?
2. A cikin abubuwan da Bulus ya jera a 8:35, wanne ne ya fi tsananta wa ikilisiyarku a bana?
3. Wane ɗan'uwa ne ya karai a cikinku, wanda za ku ziyarta a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba, sa'ad da ƙofa ta rufe, ka mai da idanunmu ga gicciyen Ɗanka. Ka ƙarfafa masu makoki, ka ba ma'aikatanka haƙuri har lokacin girbi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.