Eliot Elisofon (1911–1973): Mai Hoton da Ya Sa wa Launi Linzami

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar Eliot Elisofon, Ba'amurke mai ɗaukar hoto wanda ya ziyarci ƙasar Hausa a 1959, ya kuma bar taskar hotuna da manazarta ke kafa hujja da ita har yau. An mai da hankali kan yadda ya ɗauki launi a matsayin abin da mai hoto ke ragewa ko ƙarawa da gangan, da kuma abin da hakan ke nufi ga mai nazarin sutura, gini da sarautar Hausawa.

1.0 Gabatarwa

Da wuya mai neman tsofaffin hotunan fada ko na kasuwa a ƙasar Hausa ya kammala bincikensa bai ci karo da sunan Elisofon ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, shi ya sa ake karɓar hoto a matsayin shaidar da ba ta bukatar wata shaida. Sai dai rayuwar wannan mutum ta nuna cewa launin da ke cikin hoto yakan biyo ta hannun wani kafin ya iso idon mai kallo. Elisofon ya shahara ne da dabarar sarrafa launi a hoto.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Elisofon a ranar 17 ga Afrilu, 1911, a unguwar Lower East Side ta birnin New York. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Latbiya, kuma a cikin talauci ya tashi. Ya yi karatu a Jami'ar Fordham, ya kammala a 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Da hoton talla ya fara neman abinci, amma hankalinsa ya fi karkata ga titunan talakawa inda ya girma. Wannan ne ya kai shi ƙungiyar Photo League, wadda 'ya'yanta ke amfani da kyamara wajen bayyana halin da marasa galihu ke ciki, har ya taɓa shugabantar ta.

Duk aikinsa na wannan zamani baƙi da fari ne. A nan ya koyi cewa idan babu launi, haske da inuwa su ne ke ɗaukar nauyin hoto gaba ɗaya. Ban da haka, yana zane da fentin ruwa, sana'ar da ke koya wa mai ita cewa launi kaɗan a kan farar takarda ya fi launi mai yawa tasiri.

3.0 Mujallar LIFE da Shigarsa Afirka

Hotunansa sun fara fitowa a mujallar LIFE a 1937, ya kuma zama cikakken ma'aikacinta a 1942. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara kawo shi nahiyar Afirka, inda ya bi sojojin Amurka a fagen daga na Afirka ta Arewa. A 1947 ya dawo, ya yi doguwar tafiya a nahiyar, a ciki har da ƙasar Kwango, inda ya ɗauki hoton sarkin Kuba cikin cikakkiyar shigarsa ta sarauta. Daga nan sha'awar sassaƙe-sassaƙen Afirka ta kama shi, ya shiga tara su yana ɗaukar hotonsu. A 1958 shi da William Fagg na Gidan Tarihin Birtaniya suka fitar da littafin The Sculpture of Africa.

4.0 Dabarar Rage Launi

Fim mai launi na Kodachrome ya shiga kasuwa a 1935, amma manyan masu hoto da yawa sun daɗe suna yi masa kallon kayan talla, domin launukansa sukan fito da ƙarfi su cika ido. Haka lamarin yake a silima, inda kamfanin Technicolor ke alfahari da launi mai ƙyalli. Elisofon ya tsaya a kan cewa matsalar ba ta launi ba ce, ta rashin sarrafa shi ce. A ganinsa, kamar yadda mai zane ke zaɓen fentin da zai taɓa, haka ya kamata mai hoto ya zaɓi launin da zai bari da wanda zai danne.

Damar gwada wannan ra'ayi ta zo masa a 1952, lokacin da John Huston ya ɗauke shi mai ba da shawara kan launi a fim ɗin Moulin Rouge, wanda ke ba da tarihin mai zane Bafaranshe Henri de Toulouse-Lautrec. Huston yana so fim ɗin ya yi kama da zanen mutumin da ake ba da labarinsa. Elisofon da mai riƙe da kyamara, Oswald Morris, suka sa wa kyamarar gilashi mai dusashe haske, suka turara hayaƙi a ɗakin ɗauka, suka kuma haska 'yan wasa da fitilu masu launi. Hayaƙin yana watsa haske, sai baƙi ya sassauta, launukan nesa su koɗe su haɗu, abin da ke kusa kaɗai ya riƙe launinsa. Ma'aikatan Technicolor ba su so hakan ba da farko, amma fim ɗin ya samu karɓuwa, ya ci kyautar Oscar biyu, ta tsara dandali da ta tsara sutura. Daga baya Elisofon ya yi irin wannan aiki a fim ɗin Bell, Book and Candle na 1958 da The Greatest Story Ever Told na 1965. A 1961 ya tattara ra'ayoyinsa a littafi mai suna Color Photography.

5.0 Zuwansa Ƙasar Hausa

A 1959, shekarar da aka yi zaɓen tarayya na share fagen mulkin kai, LIFE ta turo shi Nijeriya. Ya zo Arewa, ya ɗauki hotuna a Kano da Katsina. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai na Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana karɓar gaisuwar safe a fada.

Abin da sai da hayaƙi da gilashi aka same shi a ɗakin ɗaukar fim na Ingila, ƙasar Hausa tana bayar da shi kyauta kowace shekara. Idan hunturu ya kankama, duk faɗin ƙasar da ta tashi daga Kano ta bi ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura zuwa Daura da Katsina takan koma kusan launi ɗaya. Hazo ya rufe sama, an gama girbi, karan dawa ya bushe, duwatsun Kazaure da na Roni sun yi fari-fari daga nesa, katangar gida da turɓayar hanya duk ruwan ƙasa. A irin wannan fili, jar dara guda ɗaya, ko rigar dogari mai ja da kore, ko rawani ɗan Kura mai ƙyallin shuni, ya isa ya tsayar da ido. Magina da marina da masu tsara hawan salla sun daɗe da sanin wannan, tun kafin kyamara ta zo. Adon sarauta yana samun kwarjininsa ne daga ƙasar da ba ta gasa da shi wajen launi. Mai hoton da ya shafe shekaru yana nazarin wannan daidaito ya iso inda aka riga shi aiki da shi.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Taskarsa

Bayan ya bar aikin dindindin a LIFE a 1964, Elisofon ya ci gaba da zuwa Afirka. A wannan shekarar ya fitar da littafin The Nile, kuma a cikinta ne Warren Robbins ya kafa Gidan Adana Fasahar Afirka a birnin Washington, wanda Elisofon ya kasance cikin amintattunsa na farko. A 1972 aka nuna shirinsa na talabijin mai kashi huɗu, Black African Heritage. Ya rasu a New York ranar 7 ga Afrilu, 1973, saura kwana goma ya cika shekara 62.

Ya yi wasiyya da a miƙa wa gidan nan hotunansa, fiye da 50,000 na baƙi da fari da kimanin 30,000 masu launi, tare da kayan fasahar da ya tara. Gidan ya koma ƙarƙashin cibiyar Smithsonian a 1979, kuma taskar hotunansa tana ɗauke da sunan Elisofon har yanzu. An sa da yawa daga cikinsu a intanet, daga can ne suke yaɗuwa zuwa kundayen digiri da shafukan tarihi, sau da yawa ba tare da sunan mai su ba.

7.0 Abin Lura ga Manazarta

Abubuwa uku ke shiga tsakanin rigar da aka sa a 1959 da launin da ake gani yau. Na farko shi ne zaɓin mai hoto: sa'ar da ya fita, gefen da ya tsaya, da gilashin da ya ɗora. Na biyu shi ne fim ɗin kansa, domin Kodachrome yakan riƙe launinsa idan an ajiye shi a duhu, alhali Ektachrome na farko-farko yakan koɗe ya rinjayi ja. Na uku shi ne na'urar da ta mai da hoton zuwa kwamfuta da allon da ake kallonsa a kai.

Harshen Hausa ma yana da nasa rabon a wannan batu. Tufar da ta sha baba har ta yi duhu, Bahaushe yakan kira ta baƙa, alhali fim yana iya nuna ta shuɗiya, hoton baƙi da fari kuwa ya haɗe ta da kowace tufa mai duhu. Launukan da ke tsaka-tsaki kuma, irin su ruwan toka, ruwan ƙasa da ruwan goro, waɗanda Hausa ke raɗa wa suna ta hanyar kamanta su da wani abu, su ne suka fi saurin sauyawa idan fim ya tsufa. Saboda haka mai son tabbatar da launin alkyabba, lifidi ko shafen makuba daga hoto yana bukatar ya haɗa da bayanin marina, magina da dattawan fada, da kuma tsofaffin kayan da suka rage a gidajen sarauta da Gidan Makama na Kano.

8.0 Kammalawa

Elisofon bai ɓoye cewa yana sarrafa launi ba, a kan haka ma ya yi suna, har ya rubuta littafi. Hotunansa na Katsina da Kano shaida ce mai daraja game da fuskoki, tsarin zaman fada da ɗinkin sutura a jajibirin mulkin kai. A batun launi kuwa, shaida ce ta mutum ɗaya mai ido da ra'ayi, wadda ya dace a ambaci mai ita, shekarar ɗauka da irin fim ɗin duk lokacin da aka kafa hujja da ita.