Malam Aminu Kano, Wakilin Talakawa

Ya kai mai karatu, ko a Kakuri ka ke zaune ko a Makera, ka duba zaman mutumin nan, gama abin da ya nema ya iso har ƙofar gidanku.

An haifi Malam Aminu a birnin Kano cikin 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi da Maru. Cikin 1950 ya bar aikin malanta, ya shiga jam'iyyar NEPU, domin ya ga yadda talaka ke nishi ƙarƙashin haraji da jangali da aikin tilas. Aka ɗaure mutanensa, aka yi musu bulala, shi kuwa bai ɗauki sanda ba, bai kuma yi shiru ba.

Sai 1959 mutanen Kano ta Gabas suka zaɓe shi zuwa Majalisar Wakilai a Ikko. Shekara biyar kaɗai ya yi bisa kujeran nan, aka kā da shi cikin 1964. Lalle wani da ya yi fushi ya koma gida. Shi dai ya ci gaba da maganar makaranta domin 'ya'ya mata, da shari'ar gaskiya ga marar galihu.

Cikin 1979 jam'iyyarsa, watau PRP, ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan da fara kukan.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, a ɗan gidansa na Gwammaja, bai bar dukiya ba.