Marsinah: 'Yar Ƙwadagon Indonesiya da Ta Rasa Ranta Kan Haƙƙin Ma'aikata

A wannan fitowar za mu leƙa ƙasar Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya tsawon shekaru, domin mu ji tarihin wata baiwar Allah mai suna Marsinah. Ba 'yar sarauta ba ce, ba kuma matar wani babba ba. Ma'aikaciya ce a masana'antar agogo, kuma shekara 24 kacal ta yi a duniya, amma duk mai maganar haƙƙin ma'aikata a ƙasar sai ya ambaci sunanta.

An haife ta ranar 10 ga Afrilu, 1969, a ƙauyen Nglundo da ke yankin Nganjuk, a gabashin tsibirin Jawa. Tana 'yar shekara uku Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa, sai ta tashi a hannun kakarta. Gidan babu wadata, don haka tun tana ƙarama take sayar da 'yan kayan ciye-ciye tana taimaka wa tsohuwar. Ta yi sakandare a makarantar ƙungiyar Muhammadiyya, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Musulunci na ƙasar. Rashin kuɗi ya hana ta wucewa jami'a. A shekarar 1989 ta tafi birnin Surabaya neman aiki, ta fara da masana'antar takalma, daga baya ta koma ta agogo, wadda ta tura ta reshenta na garin Porong a yankin Sidoarjo.

To 'yar uwa, sai kin san halin da ƙasar take ciki sannan za ki gane abin da ya faru. A lokacin Janar Suharto ke mulki, kuma ƙungiyar ƙwadago ɗaya tak gwamnati ta amince da ita, wadda ba ta iya ɗaga wa gwamnatin murya. Idan rigima ta tashi tsakanin ma'aikata da masu kamfani, soja ke shigowa. Akwai dokar mafi ƙarancin albashi, akwai ta hutun haihuwa, amma yawanci a takarda suka tsaya, domin wanda ya tambaya korarsa za a yi.

A ranakun 3 da 4 ga Mayu, 1993, ma'aikatan masana'antar agogon suka shiga yajin aiki da buƙatu 12. Babbar cikinsu ita ce a ɗaga ladan yini daga rupiya 1,700 zuwa 2,250, wato abin da ita gwamnatin da kanta ta yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi. Akwai kuma batun hutun haihuwa da na kwanakin al'ada ga mata. Kin ga ke nan ba wani sabon abu suka ƙirƙiro ba, abin da doka ta riga ta ba su suke nema. Marsinah na cikin wakilan da suka zauna da shugabannin kamfanin, kuma an amince da mafi yawan buƙatun.

Washegari, 5 ga Mayu, aka kira ma'aikata 13 zuwa ofishin soja na Sidoarjo, aka tilasta musu sa hannu a takardar barin aiki. Marsinah ba ta cikinsu. Da ta so, sai ta kama bakinta ta ci gaba da aikinta. Amma ta tashi ta je ofishin da ƙafarta tana tambayar abokan aikinta. A daren ranar aka yi mata ganin ƙarshe. Ranar 8 ga Mayu aka tsinci gawarta a wata bukka a bakin daji a Wilangan, can yankinsu na Nganjuk, jikinta duk alamun azabtarwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maganar ta ƙi binnuwa. Ta kai har gaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, kuma a shekarar aka ba marigayiyar lambar yabo ta Yap Thiam Hien ta kare haƙƙin ɗan Adam. An gurfanar da mai kamfanin da wasu ma'aikatansa, aka yanke masa ɗaurin shekara 17, amma suka ce da duka da azaba aka sa su amsa laifin. A 1995 Kotun Ƙoli ta wanke su duka ta sallame su. Ba a hukunta kowa ba bayan haka.

A watan Mayun 1998 zanga-zanga da karyewar tattalin arziki suka tilasta wa Suharto sauka bayan sama da shekara 30. Cikin abubuwan farko da aka taɓa akwai harkar ƙwadago. A watan Yuni na shekarar Shugaba Habibi ya rattaba hannu kan yarjejeniyar duniya mai lamba 87, wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyarsu. Dokar 2000 ta ce ma'aikata 10 ma sun isa su kafa ƙungiya. Dokar ƙwadago ta 2003 ta sake tabbatar wa mace hutun wata ɗaya da rabi kafin haihuwa da wata ɗaya da rabi bayanta da cikakken albashi, da hutun kwana biyun farko na al'ada idan tana jin ciwo, da damar shayar da jariri a lokacin aiki. A 2004 aka yi dokar kafa kotun ma'aikata, rigimar da ake kaiwa barikin soja ta koma gaban alƙali. Daga 2014 kuma ranar 1 ga Mayu ta zama ranar hutu.

Amma fa kada ki ɗauka shi ke nan. A 2020 majalisa ta yi wata doka da ta rage kuɗin sallama, ta kuma sauƙaƙa ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, abin da ya sa dubban ma'aikata suka fito kan titi. Bambancin kawai, a wannan karon suna da ƙungiyoyinsu da kotun da za su kai kuka. Ranar 10 ga Nuwamba, 2025, Shugaba Prabowo Subianto ya sanya Marsinah cikin gwarazan ƙasa. A rana guda kuma aka ba Suharto irin wannan lambar, abin da ya ƙona ran mutane da yawa.

Darasin da ke cikin rayuwarta ya shafe mu. Haƙƙin da mai shi ke tsoron buɗe baki ya tambaya, da shi da babu duk ɗaya. Da yawanmu muna da 'yar aiki, ko mai wanki, ko mai yi mana ɗinki. Shin idan wata ya ƙare muka yi shiru, za ta iya tuna mana ba tare da fargabar kora ba? Idan ba ta da lafiya, muna ɗaga mata ƙafa? Kowace ta duba gidanta.

Allah Ya jiƙan Marsinah, Ya bi mata haƙƙinta, mu kuma Ya tsare mu da cin gumin wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu.