Ibn Yunus na Misira, Mai Gadin Sararin Sama

Ɗan uwa, ƴar uwa, in ka fita tsakar gida bayan isha'i a lokacin kaka, ka duba gabas, za ka ga Kaza da ƴaƴanta sun taso. A wasu shekarun kuma za ka ga wani tauraro fari tas, mai haske, wanda ba ya ƙifce-ƙifce kamar sauran. Wannan Mushtari ne. Zuhal ya fi shi dushewa, launinsa ya ɗan yi rawaya. Shekaru dubu da suka wuce akwai wani malami a Misira da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawunsu.

Sunansa Abul Hasan Ali ibn Yunus. An haife shi a Fusɗaɗ wajen shekarar 950, a gidan ilimi. Mahaifinsa masanin hadisi ne da tarihin Misira, kakan mahaifinsa kuwa, Yunus, almajirin Imam Shafi'i ne. Yana saurayi Faɗimawa suka ci Misira a 969, suka kafa Alƙahira. Daga 977 ya shiga aikin duba sama, a zamanin sarki Al-Aziz, sannan ɗansa Al-Hakim.

Ka tuna fa, babu madubin hangen nesa a lokacin, sai bayan rasuwarsa da shekara kusan 600 aka ƙera shi. Ido ne kawai, da kayan awo, da haƙuri. Mushtari na ɗaukar kusan shekara 12 kafin ya zagaye sama, Zuhal kusan 30, shi ya sa sai bayan shekara 20 suke haɗuwa. Wanda bai iya jira ba, ina zai gane tafiyarsu? Haɗuwarsu ta ƙarshe a rayuwar Ibn Yunus ta zo a 1007.

Abin da ya bambanta shi da saura shi ne rubutu. A babban littafinsa, Zij Al-Hakimi, mai babi 81, ya tara bayanin husufin rana da na wata, da haɗuwar taurari masu tafiya har kusan 40, nasa da na magabata, yawancinsu da ranarsu da lokacinsu. Inda lissafin magabata ya saɓa wa abin da idonsa ya gani, sai ya faɗa, ya gyara. Jadawalin lokutan salla da ake dangantawa da shi ya yi wa masallatan Alƙahira aiki na ɗaruruwan shekaru.

Ya rasu a 1009. Masu tarihi sun ce ɗansa ya kwashi littattafan ya sayar da su a kan sikeli a kasuwa, kamar tarkace. Abin da ya tsira kuwa ya yi rana: a ƙarni na 19, Simon Newcomb na Amurka ya yi amfani da husufin da ya rubuta wajen nazarin tafiyar wata. Yau akwai wani rami a bayan wata da ke ɗauke da sunansa.

Mushtari da Zuhal sun haɗu ranar 21 ga Disamba 2020, za su sake haɗuwa a 2040 in Allah ya kai mu. Kai da ke Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, wa zai rubuta ta a garinku? Kaye da bik sun ishe ka farawa. Yau da dare ka rubuta kwanan wata, da sa'a, da inda ka ga tauraron. Littattafan da kakanninka suka bari kuma, ka adana su da kyau.

Allah ya jiƙan Ibn Yunus, ya ba mu irin haƙurinsa.